Yatsun Baba a Kan Sandan Awo

Ni direba ne, kuma duk wanda ya yi tuƙi a Jidda ya san rabin aikin jira ne. Ka jira a ƙofar makaranta, ka jira a ƙofar asibiti, ka jira a bakin kanti uwargidan kafilinka, wato maigidan da kake wa aiki, tana ciki tana juya takalmi ɗaya tun la'asar. Wasu direbobin barci suke yi, wasu su haɗu a inuwa su yi ta gulmar iyayen gidansu. Ni kiɗa nake saurare, irin kiɗan da in na kunna wa abokaina a unguwarmu Hindawiyya sai su dube ni su ce Allah ya ba ni lafiya.

Abin ya faro daga wani dattijon Bature, mutumin ƙasar Ailan, da na yi wa tuƙi shekara shida a unguwar Abhur. Injiniyan ruwa ne, jajir da shi, ga surutu. Ranar farko da ya shiga mota ya tura kaset, sai na ji goge. Goge sak, sai dai yana gudu kamar an biyo shi, sarewa na bin bayansa, wani ɗan bandiri yana ingiza su duka. Kafin mu fita daga unguwar ƙafata ta hagu ta fara buga ƙasan mota ba da izinina ba. Ya lura, ya yi dariya har da tari, ya ce haka ƙauyensu suke kiɗa in an taru. Da zai koma gida ya bar mini kwali guda cike da kaset, ya ce ni na fi 'ya'yansa sanin darajarsu.

A cikin kwalin nan na tsinci kiɗan Turawan da, wanda suke kira kilasik. Karon farko na zaci kaset ɗin ya lalace, don shiru-shiru nake ji, wani abu can ƙasa kamar sauro. Na murɗa murya har ƙarshe. Ashe taruwa suke yi. Gaba ɗaya suka afko mini, goge kusan arba'in da kakaki da tambura, saura kaɗan in haye kan shataletale. Na ji haushi, na jefa shi ƙarƙashin kujera, ya yi wata biyu a can. Wata rana jira ya ishe ni a ƙofar makaranta, na zaro shi don rashin abin yi, na zauna na bi shi tun daga farko. Sai na ga ashe magana ce ake yi, wannan ya faɗa, wancan ya amsa, a tafi nesa a dawo. Tun ranar na daina jin tsawon jira.

Kiɗan da ake kira bulus kuwa ba sai da na koya ba. Wani tsoho ne baƙar fatar Amurka, shi kaɗai da jitarsa. Turancina na hanya ne, dama, hagu, tsaya nan, ban san me aka yi masa ba, amma na san an yi masa. Shi nake sawa da yamma in na ajiye kowa na kamo hanyar bakin teku, kuma abin mamaki, yana ta kukansa ni ina jin daɗi. Matata tana kiransa tsohon nan mai ciwon haƙori. Ta ce daga yadda na rufe ƙofa take gane wanda ya rako ni gida. Da kaset ya daina yayi, 'yata ta nemo mini su duka ta zuba a waya, har da waɗanda ban taɓa ji ba.

Mutum ɗaya ne bai san da wannan ba, kuma saboda shi na yi shekara ashirin ina ɓoyo kamar mai shan taba a azumi. Babana.

Baba mutumin Maraɗi ne. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya zauna, ya kafa rumfar yadi a kasuwar Bab Makka, atamfa da shadda da leshi. Mutum ne mai sahun farko, mai ƙarancin magana, ba ya dariya sai da dalili. Abin da na fi tunawa da shi a rumfa shi ne hannunsa na hagu. In babu mai saye, yakan ɗora sandan awo a cinya, yatsunsa huɗu su yi ta hawa suna sauka a jikin sandan, da sauri, ba tsayawa. Mu yara muka ce tasbihi yake yi, har muna fahariya da shi, babanmu ko carbi ba ya buƙata.

Ina da shekara goma sha biyu wani kawuna ya ba ni ƙaramar rediyo ja. Wata Juma'a da hantsi ina laluben tashoshi na faɗa kan wata tashar Hausa, ana kiɗan goge. Na tsaya sororo a tsakar ɗaki, ban taɓa jin abin da ya shige ni haka ba. Ban ji shigowar Baba ba. Ya karɓi rediyon daga hannuna, ya buga ta da bango sau ɗaya, ya ce, "Ba a gidana ba." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba. Na tsince ɓaraguzan na zuba a shara, na ɗauka a raina cewa Baba yana ganin kiɗa haramun ne, shi ke nan.

Don haka ko da na girma na yi aure na haihu, in zan ɗauke shi a mota, tun daga bakin layi nake kashe waya. Ba faɗansa nake tsoro ba. Tsorona ya ce mini in bari. In ya faɗa, ko dai in bi, in koma zaman jira da kunne a bushe, ko in ce to in ci gaba a ɓoye, in zama mai yi wa uba ƙarya da furfura a gemuna. Duka biyun ba na so, shi ya sa na hana maganar tasowa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. An yi wa Baba aikin yanar ido, aka ce a riƙa kawo shi asibiti ana dubawa. Na nemi izinin kafilina, na zo da mota da sassafe. Idonsa ɗaya a liƙe da auduga, ɗayan ma ba ya gani sosai, sai da na riƙo shi muka sauko bene a hankali, Inna tana bayanmu tana ta ba ni umarnin da ban buƙata. Na zaunar da shi a gaba, na ɗaura masa bel, na zagayo na tayar da mota. Na manta da waya. Ita kuwa ta saba, da jin mota ta tashi sai ta haɗa kanta, ta ɗora daga inda muka tsaya jiya. Gogen Ailan ya cika motar, mai gudun nan, kuma murya a sama.

Na kai hannu zan kashe, Baba ya cafke wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Bari," ya ce.

Na bari. Muka shiga cunkoson safe, zufa na keto mini duk da sanyin mota. Ina jiran hukunci, ban ko iya kallonsa. Da muka tsaya a danja na saci kallo. Ya karkatar da kai wajen da sautin ke fitowa, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa na hagu a kan gwiwa, yatsun nan huɗu suna hawa suna sauka. Inda gogen ya hau, su hau. Inda ya yi ƙwalisa, ƙaramin yatsa ya yi rawa. Sai da na baya suka dame ni da oda na tuna tuƙi nake yi.

Waƙar ta ƙare, ya ce, "Wanga ɗan ina ne?"

"Bature ne, Abuya. Daga wani tsibiri, Ailan."

"Bature." Ya jinjina kai. "Hannu garai. Amma gaggawa ta yi mishi yawa, ba ya barin tsagiya ta yi numfashi. Kuma ya cika ƙaro, ba ka ji tana kartar wuya ba?"

Na ce ban san mene ne ƙaro a nan ba. Ya ce shi ake goga wa gashin doki don ya kama, in ya yi kaɗan goge ya yi santsi, in ya yi yawa ya yi ƙaiƙayi. Na ce, "Abuya, a ina ka san wannan?"

Muka wuce gada. Sannan ya ba ni labari a taƙaice, yadda yake auna yadi, ba ƙari. Ubansa mai goge ne, kakansa ma haka. Shi kansa tun yana ɗan shekara tara yake bi, da ya kai sha bakwai babu bikin da ake yi a yankinsu ba a aiko masa da goro ba. Amma mai goge, komai daɗin hannunsa, a bakin ƙofa yake zama, kuma in ya nemi 'yar mutane sai a tuna masa. Da ya zo hajji ya ga garin da ba wanda ya san shi, sai ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa ba zai ƙara taɓa goge ba, don kada a kira 'ya'yansa 'ya'yan maroƙi.

"To yatsun fa?" na ce. "Mu duk mun ɗauka tasbihi kake yi."

Ya yi dariya, dariyar da ban taɓa ji ba, har auduga tana motsi a idonsa. "Wani lokaci tasbihi ne. Wani lokaci kuwa Allah shi yafe."

Na ce to yanzu ba na sa shi saɓa alkawari ba? Ya ce, "Hannu ni yi wa alkawari, ban yi wa kunne ba. Yalla, sa wani."

Sati shida muka yi muna zuwa asibitin nan, kuma ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na kwanakin ba. Na kan isa gidan da wuri in tarar ya riga ya saka hula yana jira. Na sa masa kilasik, ya saurara har ƙarshe ba ya motsi, ya ce, "Goge arba'in, kuma ba wanda ya taka ɗan'uwansa. Wa ke tsawata musu?" Na ce akwai wani mai ɗan sanda a gaba. Ya ce lallai wannan mutum ya isa a ba shi gari. Amma bai ƙaunace shi ba, ya ce kiɗan da ba a ambaci kowa ba, ba a san wa ake yi wa ba. Muka yi musu sosai a kan wannan, ni da Baba, musu, a kan kiɗa, a tsakiyar hanyar Madina. Ban ci nasara ba.

Tsohon nan mai ciwon haƙori kuwa, daga bugu uku Baba ya ɗaga hannu. Ya ce wannan molo ne, ko an sa masa riga. Ya ce akwai wani makaho a kasuwarsu da yake jan tsirkiya haka, ya sake ta a hankali. Ya tambaye ni yadda aka yi molo ya je Amurka, na faɗa masa abin da na sani na mutanen da aka kwashe a jiragen ruwa. Sai ya ce a maimaita waƙar, muka saurara tare har ƙofar gida.

Na kasa haƙuri na je na sami Inna a kicin na ce ashe haka, kuma ba wanda ya gaya mana. Ko juyowa ba ta yi ba daga kan tukunya. Ta ce, "Kai kana zaton don atamfa na aure shi?" Ashe tana yarinya ta ji shi a bikin yayarta, kuma da iyayenta suka zo da ita Jidda bayan shekaru, ta gan shi a rumfa ta gane shi. Ta rufa masa asiri shekara arba'in da wani abu, a gida ɗaya da mu.

Ranar zuwa na ƙarshe likita ya ce ido ya warke, halas, ba sai an dawo ba. Na ji wani iri, don na san uzurinmu ya ƙare. Muka fito, Baba yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi don ya nuna mini yana gani. Maimakon gida na karya kan mota zuwa bakin teku, bai tambaye ni dalili ba. Na sa gogen Ailan, wani mai tafiya a hankali da na san zai so, wanda ke barin tsagiya ta yi numfashi. Muka tsaya muna kallon ruwa, yatsunsa na aikinsu a kan gwiwa.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rediyon nan taka. Ja ce ko?"

Na ce, "Ja ce, Abuya."

"Na shigo na ga yadda ka tsaya. Haka ni ma nika tsayawa gaban ubana." Ya share idon da aka gyara da bakin rigarsa, ya ce iskar teku ce. "Na ji tsoro. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe, ni kuwa rarrafen nika so ka yi."

Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da ƙarar rediyon nan a bango, ban san shi ma yana ɗauke da ita ba.

"Rediyo ce mai kyan murya," ya ce. Sannan ya miƙa hannunsa na hagu, ya laluba, ya sami maɓallin, ya ƙara murya da kansa.