Ta'aziyyar Maharazu a Lewisham

Maharazu Jalo mutumin Gombe ne, malamin tarihi, irin mutanen nan da sai sun gaishe ka har ka gaji. Da kuɗin mai ya fara ambaliya, gwamnati ta turo shi Landan a 1975 ya yi digiri. Gida ɗaya muka zauna a unguwar Barking, shi da matarsa Hansai a sama, mu a ƙasa.

Bincikensa a kan wani Bature ne, marigayi Bernard, jagoran wata ƙungiya da ta so a ɗinke ƙasashen da Ingila ke mulka su zama tarayya guda. Maharazu ya tone takardun ƙungiyar kaf a ma'ajiyar tarihi, har ya ishe mu da labarin mutumin. Saura akwatin rubuce-rubucensa na ƙarshe, wanda ke hannun 'yarsa Rhoda, wata tsohuwa a unguwar Lewisham, ita kuwa ta hana kowa gani. In ba akwatin ba digiri, ga wa'adin karatu ya kusa ƙarewa.

Ya haƙura, ya fara ɗaure kaya. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ya daɗe yana cin moriyar rubutun mutum, bai taɓa yi wa iyalinsa gaisuwar mutuwa ba.

Na ce, "Haba Malam, mutumin da ya rasu tun ba a haife ka ba! Kuma a garin nan sai an yi booking, an tsai da rana, ake zuwa gidan mutane."

Ya ce, "Wa ka taɓa ji ya yi booking ɗin ta'aziyya?"

Ya zumbula babbar riga, Hansai ta riƙo kwanon dambun nama, suka hau bas. Da tsohuwar ta buɗe ƙofa, Maharazu ya rusuna, ya ce gaisuwar rasuwar mahaifinta suka zo, yaya haƙuri. Ta tsaya jiran ya kawo zancen akwati. Bai kawo ba. Sai ta tuntsire da dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ta ce, "Kowa takardunsa yake tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda na ji."

Suka sha shayi, ta tashi da rabin dambun. Da za su tafi ta ce, "Akwatin ba ya barin gidan nan. Ka riƙa zuwa kana karantawa, amma ka zo da matarka."

Ranar da aka ba shi digirin, murna ta hana ni zama. A kujerun dangi, kusa da Hansai, Rhoda ce zaune da ɗankwali a karkace, ta fi kowa tafi.