Tsohon da Ya Yarda Na Zana Shi

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka turo ni koyarwa a firamaren Hunkuyi. Daga kwaleji a Zariya na fito, inda akan zaunar mana da mutum a tsakiyar aji, mu kewaye shi da allunanmu, mu yi ta zana shi har hannu ya gaji. Na ɗauka a ko'ina haka zan samu.

A Hunkuyi ba wanda ya yarda ya zauna mini. Maigidan da aka sauke ni wurinsa ya ce, "Malam, ka zana rumbu, ka zana dawa, amma ka ƙyale 'yan Adam. Gobe kiyama cewa za a yi ka hura musu rai." Ban ji haushinsa ba, don ni ma maganar takan tsaya mini a rai. Ranar kasuwa nakan raɓe bayan buhuna ina satar zanen masu awo, amma da an hango ni sai a juya mini baya. Sannu a hankali aka daina kirana hira bayan la'asar. Gaisuwa ba ta yanke ba, sai dai a tsaye ake yin ta.

Da kaka aka kawo wani tsohon Bafillace gidan maƙwabcinmu mai ɗori. Sa ne ya tunkuɗe shi a wajen Kudan, ya karye a cinya. 'Ya'yansa suka bar shi nan, suka yi kudu da shanu. Na shiga dubiya, na same shi a zaure, ƙafar a ɗaure da karare.

"Sannu, Baffa. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Malam. Mece ce wannan a hammatarka?"

"Takardar zane ce. Mutane nake zanawa, in sun yarda."

"Sun yarda?"

"A'a."

Ya yi murmushi, ya ce, "To ni dai ba inda za ni."

Daga ranar, da an tashi makaranta sai in nufi zauren. Saboda zafi yakan tuɓe riga. Na zana ƙashin wuyansa da haƙarƙarinsa, da dogayen yatsunsa a kan carbi, da yadda yake dafa ƙasa in zai gyara zama. Da fensir ya ƙare na koma gawayi. Hausarsa ba ta da yawa, ni kuma ba na jin Fulatanci, saboda haka yawanci shiru muke yi. Idonsa kullum yana ƙofa. Bai taɓa cewa in nuna masa abin da na zana ba.

Wata rana ya ce, "Malam, kana iya zana wanda ba ya nan?"

Matarsa yake nufi, wadda ta rasu daminar da ta wuce. Na gaya masa abin da ke gabana kaɗai na iya. Ya ce in dai gwada. Ya shiga kwatance: doguwa ce, tana da wushirya, ga tabo a gefen gira inda saniya ta taɓa ƙwarzane ta da ƙaho. In kalma ta ƙwace masa sai ya nuna a fuskarsa da yatsa. Na yi ta gogewa ina sakewa har aka kira magariba.

Ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Ba ita ba ce." Na ba shi haƙuri, na miƙa hannu in karɓa, sai ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin tabarma.

Da ya fara takawa da sanda, babban ɗansa ya zo da jaki. Ina aji lokacin. Da na dawo zauren a share yake, tabarmar a jingine da bango. Mai ɗori ya ce tsohon ya bar mini sallahun gaisuwa, kuma ya ga ya cusa wata takarda a aljihun riga.

Na ƙara shekara a garin kafin a mayar da ni Makarfi, ba wanda ya sake zauna mini. Da yamma nakan fito ƙofar ɗaki, in ɗora hannuna na hagu a gwiwa, in zana hannun.