Geesje da Allurar Jamus

A garinmu na bakin ruwa, inda ƙarnin kifi ke bin mutum har cikin majami'a, ba wanda bai san Geesje 'yar Harm ba. Ba wai ta taɓa yin wani abin a zo a gani ba ne. Tun tana budurwa take tsaye a rumfar gyaran kifi da wuƙa a hannu, ba ta rigima, ba ta fashin majami'a safe da yamma, hularta daram a ka. Irin matan nan ne da ake yabo don ba a taɓa jin muryarsu ba. Ni kuwa na daɗe ina zargin irin wannan yabo.

Mijinta Lubbert yana aiki a jirgin da ke yasar tashoshin ruwa. Da farko nan kusa yake, ya je ya dawo. Sai kamfani ya tura shi can Kudancin Amurka, aka ce na ɗan lokaci ne, ɗan lokacin ya yi ta miƙewa. Hutunsa ma ya daina zuwa, kullum aiki ya yi yawa. Wayar da yake bugowa ta riƙa gajarcewa har ta koma gaisuwa da tambayar ko an gyara rufin ɗaki. Babban ɗansu Teunis ya daina ambatonsa. Ƙaramar, Aaltje, mai shekara shida, ta fara kiransa "Baban cikin waya".

Abin da ke cin Geesje ke nan dare da rana, tana ganin gidanta na zubewa a hankali ba tare da an yi faɗa ba. Ta san kamfanin na biya wa iyali jirgi su kai ziyara. Duk sanda ta ɗauko zancen, Lubbert sai ya yi ajiyar zuciya ya ce shi ma yana so, amma ta san ba a barin yara su zo sai da allurar rigakafin cutar shawara, ta kuma san gidan da ta fito.

Ta sani kuwa. A majami'armu ba a yi wa lafiyayye allura. Cuta da lafiya daga Ubangiji suke, mai riga-kafi kuwa ana ganin kamar yana nuna bai yarda da Shi ba. Harm, mahaifinta, dattijon majami'a ne. Ƙanwarsa ta rayu ta mutu tana jan ƙafa saboda shan-inna, kuma har gobe da alfahari yake ba da labarin haƙurinta.

Geesje ta daɗe tana juya abin a ranta. A asibitin yankinmu ba zai yiwu ba, matar ɗan'uwanta ce ke shara a can, kafin ta iso gida labari ya riga ta. Sai ta tuna duk lokacin kaka mata na tsallaka iyaka zuwa Jamus sayen takalman sanyi, don sun fi araha. Ran wata Asabar ta zuba yaran a mota, ta ce wa uwarta takalma za su sayo. Ta sayo ɗin kuwa, don ita ba ta iya ƙarya tsagwaronta ba. Daga nan ta kai su wurin wani likita da bai san Harm ba, bai kuma damu da ya san shi ba.

Teunis ya miƙa hannu yana kallon bango. Aaltje ta yi kuka kaɗan. Uwar ta biya likitan suka fito. A hanyar dawowa ta ce musu kada su yi wa kowa ƙarya, amma kada su faɗa wa kowane mutum.

Washegari Lahadi, aka hallara gidan Harm cin abincin rana kamar kullum. Da aka gama miya, tsohon ya karanta Littafi, sannan aka zo kan al'adar gidan, ƙaramin cikin jikoki shi ke rufewa da addu'a a fili. Aaltje ta haɗa hannuwa ta runtse ido. Ta gode wa Allah don abinci, don sababbin takalma, don kuma allurar ba ta yi zafi sosai ba, ta roƙe Shi ya sa hannunta ya warke da wuri su je wurin Baba. Yarinya ba ta saɓa umarni ba. Ba mutum ta faɗa wa ba.

Ba wanda ya ce amin. Harm ya rufe Littafin a hankali, ya sa aka fita da yaran.

"Geesje, ke kika fi Shi sanin abin da zai same su?"

"Baba, ubansu suke so su gani. Lubbert ma ai an yi masa, kowa ya sani. Duk mazan da ke jiragen nan an yi musu, ba wanda ya taɓa cewa uffan."

"Lubbert hannunsa ya kai, shi da Ubangijinsa. Ke hannun waɗansu kika kai."

Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce kawai yaran su ci gaba da zuwa cin abincin Lahadi, ita kuwa ta dakata tukuna. Uwarta ta shiga tattara kwanuka kamar ba ta ji ba.

Geesje ta sha kuka, amma a ƙasan kukan akwai wani sanyi. Ta biya abin da za ta biya, hanya ta buɗe. Ran Litinin da hutun rana ta zagaya bayan rumfa, hannunta na ƙarnin kifi, ta kira Lubbert ta faɗa masa komai, tana jiran ta ji ya yi dariyar nan tasa da ta daɗe ba ta ji ba.

Bai yi dariya ba.

"Wa ya ce ki yi?"

"Kai ka ce ita ce ta hana mu zuwa."

"Na faɗa. Ban zaci za ki yi ba."

Sai ya shiga kame-kame. Masauki ya yi ƙanƙanta, zafi ya yi yawa, wataƙila baɗi. Ta bar shi ya ƙare, ta tambaye shi kai tsaye ko yana so su zo. Ya ce ba laifinta ba ne, ba laifin yaran ba ne. Shi dai a can ne ya fara shaƙar iska ba tare da wani na leƙensa ta taga ba, kuma idan suka zo, garin ne gaba ɗaya zai biyo su. Ya ce zai ci gaba da aiko da abin da ya saba aikowa.

A nan ta gane allurar ba ta taɓa zama shinge ba. Lubbert ya laɓe ne a bayan imanin mahaifinta, ya san ba za ta tsallaka ba, ita kuma ta je ta tsallaka. Ta koma rumfa ta ɗauki wuƙarta, don hutu ya ƙare.

Har yau tana nan, ba ta fashin majami'a. A nan garin, in wa'azi ya yi nisa, kakanni kan zura hannu a jaka su miƙa alawar na'a-na'a ta bi layi. Uwar Geesje na miƙa wa Teunis, ta miƙa wa Aaltje, sannan ta rufe jakar. Geesje na zaune a ƙarshen benci tana kallon gabanta. Matan da ke yabon shirunta a dā yanzu sun ce da ma irin wannan shiru abin tsoro ne.

Ba ta faɗa wa yaran komai ba. Teunis ya gane da kansa, ya daina kallonta ido da ido. Aaltje ce ba ta gane ba. A hanyar komawa gida wata Lahadi, kafin su rabu a ƙofar kakansu inda uwar ba ta shiga, yarinyar ta naɗe hannun rigarta ta nuna mata.

"Mama, duba, ya warke sarai. Yaushe za mu tafi?"

Geesje ta sauke mata hannun rigar, ta ce ta shiga kada miya ta huce.