Ragowar Rami Ɗaya

Babanmu yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Idan ruwan shuka ya sauka ya ɗauki sungumi, ƙirga sara yake yi a hankali kamar mai jan carbi, mu 'ya'yansa uku muna binsa muna zuba gero muna binnewa da ƙafa. Kowace shekara idan ya kai bakin tsamiyar iyaka sai ya ce dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Na sha zargin yana daidaita takunsa ne don lissafin ya fito, amma ban taɓa kama shi ba.

Da na fara koyarwa a firamaren garinmu, kusa da Ɗambatta, sai na zauna wa lambar nan da alli. Na raba ta biyu, ɗaya ya ragu. Na raba uku, huɗu, har goma, kullum sai ɗaya ya yi saura. Na wuce goma na yi ta gwadawa kwana biyu, na gane ba abin da ke raba ta sai ɗaya ko ita kanta. Na je da ɗokina na gaya wa Baba. Ya yi murmushi ya ce ashe gonar ma ta san bai so a raba ta.

Sai aka shiga fari. Shekara biyu muna shuka tana ƙonewa, a ta uku Baba ya rasu. Innarmu ta riga shi da daɗewa. Yayanmu mai 'ya'ya shida ya ce a raba gona ya sayar da rabonsa. Ni kuwa, da wautar mai boko, sai na kawo masa zancen lamba.

Ya dube ni ya ce, "Malam, lissafin zan dafa wa yaran nan?"

Har yau ina jin kunyar maganata. Masu rabon gado da igiya suka zo, ita kuwa igiya ba ruwanta da ragowa. Yaya ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga Zakirai, ya kwashe iyalinsa suka yi kudu. Bai sake dawowa ba.

Da damina ta dawo na ɗauki sungumin Baba na shiga rabona ina ƙirgawa. Na sari ɗari takwas da arba'in, daidai kashi ɗaya cikin uku. Hannuna ya ƙi tsayawa, na ƙara ɗaya, ragowar nan da Baba ya yi wa murmushi. Sabon maƙwabcina yana tsaye yana kallo, cikin ladabi ya ce, "Malam, ai ka shigo mini."

Gaskiyarsa ce. Na ba shi haƙuri, na sa ƙafa na rufe ramin ba iri a ciki, na zauna a gindin kunya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Baba.