Tulun Irin Iya

Na daɗe ina sana'ar hatsi a garin Bauchi, kuma ban taɓa jin kunyar cin riba ba. Amma akwai kayan da ba na saye ko an kawo mini har rumfa. Dalilin yana can Tirwun, tun wurin yana ƙauye, kafin gidajen bulo su cinye gonakin.

In kaka ta yi, aiki ba ya ƙarewa a gidanmu. Da rana a cire gyaɗa, a shanya wake, a yaɓe rumbu. Bayan magariba kuma mahaifiyar babana, Iya, ta hura wuta da karan dawa a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa mu ɓare. Ladanmu tatsuniya. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai ni ne maigidanta, amma na san bakina take gadi.

"Maigida, ɓara kake yi ko cika rumbun cikinka?"

"Miji ya ci na matarsa ai ba sata ba ne, Iya."

"Mijin da ko zane bai taɓa saya mini ba."

Kafin mu taɓa gyaɗar, sai ta tsince manyan da suka cika, ba ta bari a ɓare su. Waɗannan na tulu ne. Ta zuba, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka. Iri ke nan, ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

A wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta yi ƙaranci. Ana cikin haka aka aiko daga unguwar Ƙofar Dumi a cikin gari cewa Yaya Hauwa, babbar 'yar gidanmu, ta haifi namiji. Haihuwar fari ce, dole a kai gara gidan mijinta, ga shi abin da muka ɓare ba zai ba da man kirki ba. Na ji Baba yana ce wa Inna, "Gobe a fasa tulun nan a ƙara. Ba za a raina 'yata a cikin gari ba. In damina ta zo, Allah zai kawo wani."

Iya ta ji. Amma Baba ɗan farinta ne, kuma ita Bafulatana ce ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Da yamma yana zaune nesa da wuta yana tufka igiya, sai ta gyara murya.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata wuri."

"Ta shigo mu ji ta," muka ce.

Wai Kurege ne aka yi masa haihuwa. A lokacin manomi ne, yana da gonarsa. Baƙi suka cika gida, abinci ya ƙare, ya ji tsoron a ce masa marowaci. Sai ya fasa tulun irinsa ya soya musu. Aka ci, aka yi ta yabo, har Zomo ya ce bai taɓa ganin suna irin wannan ba. Da ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, Kurege ya bi gida gida yana neman ko tafi ɗaya. Duk inda ya je sai a ce, "Wayyo, mun shuka namu. Amma fa gyaɗarka ta yi daɗi."

"Shi ya sa har yau," in ji Iya, muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, "in kun shuka, yake bin ramuka yana tonowa. Ba ɓarawo aka haife shi ba, yara. Kunyar kwana ɗaya ya gudu."

Ba ta dubi inda Baba yake ba. Shi ma bai ɗago ba, sai dai hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Can ya ce da ni, "Sale, ka gaya wa matarka na ji."

Ba a fasa tulun ba. Garar ta tafi 'yar kaɗan, Iya ta ɗora ƙwaryar man shanunta a kai ta raka da ƙafarta. An yi 'yan maganganu a gidan surukan, Yaya Hauwa ta yi kuka. Da damina kuma muka shuka gonarmu har gefe.

Yanzu kallo ɗaya nake yi wa kaya in gane iri: tsintacce, girmansa ɗaya, da ɗan ƙurar toka. Bara wani dattijo ya kawo mini irin wannan, zai yi wa 'yarsa gara. Na ɗaure bakin buhun na mayar masa, na auna masa wata gyaɗar daga tawa, na ce ya kawo in ya girbe. Yaran rumfata suka ce na yi taushi. Ban yi ba. Manomin da ya cinye irinsa, baɗi ba ni da abin saye a wurinsa.

Kwanan baya na tambayi Yaya Hauwa ko tana tuna garar nan. Sai ta ce, "Ni dai man shanun Iya na tuna."