Jan Farce a Kan Noti

Sunan da ya bi shi har ritaya ba shi ya zaɓar wa kansa ba. Jan Farce ake ce masa a garejin 'yan sanda, kuma wanda ya laƙaba masa sunan don ya ɓata masa rai ya yi. Ran kuwa ya ɓaci, shekara da shekaru, har ya gaji da fushi ya koma amsawa ciki-ciki.

Shi ba ɗan sanda ba ne, bai taɓa sa kaki ba. Makanikin babura ne a wata doguwar rumfar kwano da ke bayan bariki, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwa. Manyan baburan nan masu jiniya da ake gani suna wucewa fiu a kan titi, mutane suna darewa, duk ta hannunsa suke bi. Mai kallo ɗan sandan da ke kai yake gani da farar hularsa. Ba wanda ke tuna akwai wani siririn mutum da ya kwanta a ƙasa tun da safe yana ɗaure musu ƙafa.

Asalin sunan kuwa ga shi. Yana sabon shiga aiki, wani ɗan sanda ya faɗi a kan kwana saboda notin tayar baya ya kwance, ya karye a cinya. Aka tara makanikai aka tambayi wanda ya ɗaure notin, kowa ya sunkuyar da kai. Shi kansa ya taɓa babur ɗin a makon, amma ko da za a yanka shi ba zai iya rantsewa ya ɗaure ko bai ɗaure ba. Wannan rashin sani shi ya hana shi cin abinci. Washegari da zai fita ya ga kwalbar jan farcen matarsa a gaban madubi, ya sunkuce ya sa a aljihu. Daga ranar, duk notin da ya ɗaure sai ya ja masa siririn layi ja, daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da ya zauna a kai. Muddin layin yana miƙe, noti yana nan daram. Idan ya motsa ko kaɗan, layin zai rabu biyu, ko wanda bai san sifana ba zai gani.

Dabara ce mai kyau, amma je ka gaya wa ƙartin gareji. Shugaban masu dariya shi ne Guduma, wani ƙaton mutum mai wuya kamar turmi, wanda ya samu sunansa saboda a ganinsa ba wata cutar babur da duka ba ya warkarwa. A yi masa adalci, gwani ne. Daga nesa zai ji kukan inji ya gaya maka abin da ke damunsa. Haƙuri ne dai Allah bai ba shi ba.

"Amarya ta gama kwalliya?" haka zai leƙo ya tambaya. "A kawo mata turare, ko a fito da ita haka?"

"Ka dai ɗaure naka da kyau."

"Notin da ya ji hannun namiji ba ya buƙatar kwalliya, malam Jan Farce!"

Haka suka yi ta yi, benci yana kallon benci, har furfura ta fito musu tare. Ranar da Jan Farce zai yi ritaya, ya ɗauki sabuwar kwalba ya ajiye a kan bencin Guduma, da zuciya ɗaya. Guduma ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya wurga ta cikin duron da ake zuba ruɓaɓɓun ƙarafa. Aka kwashe da dariya. Jan Farce ma ya yi murmushi, amma abin ya soke shi sosai. Ya fita daga ƙofar barikin bai sake komawa ba, ko gaisuwa.

A gida sai ya zama tsoho mai gyaran ƙofa da famfo. Magini yana iya nuna wa 'ya'yansa gidan da ya gina, tela ya nuna riga. Shi kuwa aikin rayuwarsa duk yana bayan katanga, kuma ya tabbata Guduma ya riga ya bi shi da duka ya lalata.

Ana nan sai aka tura autarsa, wadda ta karanci aikin jinya, wani ƙaramin asibiti a bayan duwatsu. Mijinta malamin makaranta ne a can kusa. Hanyar ramuka ce da gangara, motar haya ba ta zuwa sai ta ga dama. Dole sai babur, miji a gaba, Auta a baya, kullum safe da yamma. Surukin ya riga ya ga wani sabo mai ƙyalli a shago, ya zo da ladabinsa yana ba da labari.

"Wannan gwangwanin?" in ji tsohon. "Gangara biyu zai yi birkinsa ya ce ga garinku nan. Na ji za a yi gwanjon tsofaffin baburan 'yan sanda. Mu je can."

"Baba, tsoho fa? Wanda aka gama morarsa?"

"Ba zan ɗora 'yata a kan ƙarfen da ban san cikinsa ba. Waɗancan kuwa na san hanjinsu."

Surukin yaro ne mai kunya, ya ce to. Amma an ga to ɗin ba ta kai zuci ba.

Filin gwanjon wani fegi ne a gefen bariki. An jera baburan a rana, an cire musu jiniya, an shafe tambarin da baƙin fenti, sun yi zuru-zuru. Ƙa'idar wurin kuwa mai tsauri ce: ka duba da ido, ka taɓa da hannu, amma ba tayarwa, ba kwancewa. Surukin ya tambayi mai gwanjon ko akwai takardun gyaran da aka yi wa kowanne. Mutumin ya yi dariya ya ce gara ta riga shi karantawa.

Jan Farce bai ma saurare su ba. Yana bin layin a hankali, hannuwa a baya, sai ya tsaya cak. Ga shi nan, na kusa da ƙarshe. Ya gane 'yar lotsawar da ke gefen tanki, ya gane matakin ƙafa na hagu da shi da kansa ya yi wa walda. Wannan babur tun yana cikin akwati shi ya haɗa shi. Bai taɓa faɗuwa a hannunsa ba, injinsa kuwa ko tari bai cika yi ba. Ya durƙusa, gwiwoyi suna ƙara, ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ke kan notin tayar baya.

Layinsa ja yana nan, ya koɗe. Amma a rabe yake. Ya goge na birki, a rabe. Ya goge na gaba, haka. Wato bayan tafiyarsa an kwance su an mayar, kuma ba wanda ya damu ya ja sabon layi. Shekarun nan da ba ya nan, Allah kaɗai ya san abin da Guduma ya yi wa cikin wannan babur.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau."

Da aka zo kan babur ɗin, mai gwanjo ya fara kira, sai ga hannun tsohon a sama. Wani dillali ya taya, ya sake ɗagawa. Maganar gaskiya, ba hankali ne ya ɗaga hannun nan ba, ƙauna ce. Ya ga ɗansa a cikin baƙi ya kasa barinsa. Da aka buga ƙararrawa aka ce nasa ne, sai daɗi da tsoro suka zo masa tare.

A bayan akori-kura aka kawo shi gida. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta fito tana goge hannu, ta zagaya shi sau ɗaya.

"To, sannu da zuwa. Wannan ne ya cinye min jan farce duk shekarun nan?"

Bai yi dariya ba. Ya kira surukin gefe ya gaya masa gaskiyar abin da ya gani a filin gwanjo. Ya ce zai buɗe shi gobe. In ya tarar an yi wa birki ko taya aikin ganin dama, Auta ba za ta hau ba, za a sayar wa masu gwangwan, shi kuma zai nemi gafarar surukinsa a gaban kowa. Surukin ya rasa inda zai sa kansa don nauyi. Auta kuwa mako mai zuwa za ta kama aiki.

Da safe ya shimfiɗa buhu a gindin bishiyar tsakar gida, ya fito da tsohon akwatin sifanunsa, ya zuba kananzir a kwano. Ya wanke giris da tsumma, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Da ya zo ƙarƙashin inji sai wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ido kuma ba kamar da ba. Ya ɗaga murya.

"Ke, ara min ɗan madubinki!"

"Da jan farce aka fara, yanzu an kai ga madubi. Saura ɗan kunne."

Ya zura madubin ƙarƙashin notin da ake tsiyaye baƙin mai. Ya duba, ya goge madubin da riga, ya sake dubawa. A bayan notin, ta ɓangaren da ido ba ya kaiwa sai mutum ya kwanta, akwai wani layi. Yana nan daram, bai rabu ba. Kuma shuɗi ne.

"Zo ki gani. Wannan naki ne?"

Inna ta sunkuya ta leƙa. "Shuɗi? Allah ya sawwaƙe. Yaushe ka taɓa ganina da wannan?"

Ya ja jiki zuwa tayar baya, ya juya madubin. Layi shuɗi a bayan noti, a gefensa ga wani tsoho ruwan hoda da ya koɗe, ga wani kuma ruwan goro. Ya duba birki, ya duba kan babur, ya duba inda inji ya zauna. Ko'ina akwai, kuma ko'ina a ɓoye, ta ciki. Layukan karkatattu ne, masu kauri, irin na hannun da ya saba da ƙarfe mai nauyi. A kusa da ɗaya ma ga shaidar duka a jikin ƙarfen, wadda ko a mafarki ya san mai ita. Ya kwance birkin da sauri. Takalman birki sababbi ne, an saita su daidai. Ya tsiyayi mai, bai yi kauri ba. Babur ɗin nan ba a taɓa yi masa sakaci ba ko sau ɗaya.

Sai ya zauna daɓas a kan buhun ya fara dariya. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, har Inna ta fara tsorata.

Da la'asar ya buga masa kik. Sau biyu, injin ya amsa da muryar nan mai kauri da ya sani. Ya ce zai je gwaji, kuma kowa a gidan ya san inda gwajin zai ƙare.

Guduma yana nan a bencinsa, ya ƙara tumbi, kai ya yi fari fat. Tun kafin babur ɗin ya shigo ya gane kukansa ya ɗago. Da ya ga wanda ke kai sai ya haɗe rai.

"Ashe kai ka sayi wannan akwalar."

"Ni ne." Jan Farce ya sauka, ya ciro madubin daga aljihu. "Na ga wani abu a ƙarƙashinsa. Na zo tambaya ko wata amarya kuka samu a garejin."

Guduma ya waiga hagu da dama. Ya kama hannunsa ya ja shi bayan rumfa.

"Rage murya, don Allah."

"Shuɗi, Guduma? Da girmanka?"

"Shi na samu a wajen 'yata! Me kake so in yi?" Ya share gumi. "Ranar da ka tafi, da yamma na ɗaure tayar wani, har ya hau ya fita. Ina wanke hannu sai na ji gabana ya faɗi, na kasa tuna ko na gama ɗaurewa. Da can in na yi shakka, naka layin nake leƙawa in ga ka bi bayana. Ranar na waiga, benci ba kowa. Sai da kowa ya watse na shiga duron nan har kafaɗa na ciro kwalbarka."

"Shi ne kake ɓoyewa a baya."

"Bayan duk abin da na faɗa maka? Ai gara in mutu. In ka gaya wa wani, wallahi sai na ƙaryata."

"'Yata ce za ta riƙa hawa," in ji Jan Farce. "Auta. Hanyar duwatsu."

Guduma ya ce, "Birkin baya ni na sa da hannuna kafin a ajiye shi. Ta hau, ba abin da zai same ta da yardar Allah."

Ranar da za su fara tafiya, tsohon ya riga kowa fitowa. Ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya ja wa kowanne sabon layi ja, a fili, inda rana za ta haska shi. Shuɗayen da ke baya kuwa bai goge ko ɗaya ba. Ya kira Auta, ta fito da farin kayan aikinta, ya nuna mata.

"Kullum kafin ki hau, ki duba nan, da nan, da nan. In layi ya rabu, ko mijinki ya ce kun makara, kar ki hau."

"Baba, wai duk baburan da muke gani muna yara suna wucewa, haka ka yi musu?"

"Duk. Kuma har yanzu haka ake yi musu."

Ya faɗi wannan da wata irin murya da Auta ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Surukin ya tayar, ta hau baya ta riƙe jakarta. Tsohon ya tsaya a ƙofar gida, ƙirji a buɗe, yana sauraron kukan injin har ya sha kwana. Ya nemi fargaba a zuciyarsa bai samu ba.

Inna tana tsaye a bayansa. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa kiransa da sunan gareji ba, don ta san yana yi masa ciwo. Ta dube shi, ta dubi jan da ya ɓata masa yatsu.

"Jan Farce," ta ce, "shigo, shayinka zai huce."

"Na'am!" in ji shi, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.