Kujerar Wakilin Kudan

Shekara ta uku da samun mulkin kai, mu ɗaliban Ikara da Makarfi da Kudan muna da ƙungiya guda, kuma muna da kujera guda a babban taron ɗalibai da ake yi a Kaduna. Kujerar zagayawa take yi: Ikara ta je, Makarfi ta je, sannan Kudan. A wannan shekara layi ya zo kanmu, 'yan Kudan kuwa ni suka tsayar.

Shugaban ƙungiyar ɗan Makarfi ne, ya girme ni, Yaya nake ce masa. A zaman da muka yi a Gazara ya miƙe ya ce da Turanci ake magana a Kaduna, ni kuwa Turancina na karanta kwalin sabulu ne. Aka yi dariya. Ya ce shi zai zauna a kujerar, ni in bi shi ɗan kallo. Tun kafin mu hau mota ya gaya wa mahaifinsa da almajiran gidansu su taru gindin rediyon kasuwa ran Laraba, za su ji jawabinsa.

Ɗan kallo ba ya shiga zaure, a baranda yake tsayawa. Can na tarar da wani ma'aikacin gidan rediyo yana jan wayoyi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya a gida, har na tambayi iyali da damina. Ya ce rabonsa da irin wannan gaisuwa tun barinsa ƙauye. Mai yi masa fassara bai zo ba. Ya gwada ni da jawabin safe, na mayar da shi Hausa, ya ce in zauna kusa da taga, da yamma ni zan ba da bayanin taron a rediyo.

Ran Laraba bayan Azahar aka fara kiran wakilai. Yaya ya zaci sai La'asar za a zo kanmu, ya ari kwat ya tafi ɗaukar hoto cikin gari. Aka kira mu, aka sake kira, aka wuce.

Da yamma na faɗi abin da kowane wakili ya ce, bi da bi. Da na zo kanmu na rage sauri don kada kalma ta ɓace: “An kira wakilin Ikara da Makarfi da Kudan, ba a same shi a kujerarsa ba.”

A motar komawa ya matso kusa da ni.

“Kai, ɗan banza, da ka tsallake mu mana! Wa zai sani?”

“Yaya, ai har 'yan Saulawa can ƙasar Ikara ma sun kunna rediyo. In na tsallake, cewa za su yi ba mu je ba.”

“To da ka ce ba ni da lafiya.”

“Hoton ya yi kyau dai?”

Muka isa Makarfi. A tasha babu wanda ya zo taryensa daga gidansu, shi ya ɗauki akwatinsa a ka.

Da aka sake zama, 'yan Ikara suka ce shekarar Kudan ba ta ƙirgu ba, a maimaita mana. Aka nemi mai goyon baya, Yaya yana kallon tabarma. Na roƙi a jira shi ya ɗaga hannu tukuna, tunda shi ne babba. Aka jira, har ya ɗaga.